Daga Bakin Gadon Majinyaci Zuwa Kujerar Farfesa

A wurin yawancinmu aikin nas bai wuce allura da awon jini da wanke miki da kwanan zaune a ɗakin marasa lafiya ba. Shi ya sa idan aka ce wance farfesa ce a fannin jinya, sai ka ji wani ya tambaya: to me ya hana ta zama likita? Mai wannan tambaya ya ɗauki jinya a matsayin rabin likitanci ne, alhali fanni ne da ke da tambayoyinsa na kansa. Likita yakan tsaya a kan majinyaciya 'yan mintuna da safe, ya duba fayil, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Sauran yinin da daren duka nas ce ke gani. Ita ta san wadda ke tura ƙwayar magani ƙarƙashin matashi, da wadda ba ta cin abinci sai mijinta ya zo, da wadda ta yi ta gyaɗa kai ga bayanin likita alhali ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Binciken jinya daga nan yake tasowa. Damuwarsa ita ce yadda mutum ke rayuwa da cutar da likita ya gano, da abin da ke sa magani mai kyau ya yi aiki a jikin wata ya kasa yi a jikin wata.

A Amurka akwai malaman jinya da suka ƙarar da rayuwarsu wajen bincike a kan lafiyar matan 'yan tsiraru, wato baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da Asiya da Larabawa da sauran waɗanda suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Don a ga yadda irin wannan aiki ke tafiya, zai fi sauƙi a bi sawun mutum guda. Na zaɓi Farfesa Afaf Ibrahim Meleis.

An haife ta a Iskandariyya ta ƙasar Masar a 1942. Mahaifiyarta ma nas ce. Ta kammala digirin jinya a Jami'ar Iskandariyya a 1961, sannan ta tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, inda ta yi digiri na biyu a jinya a 1964, ta ƙara wani a ilimin zamantakewa a 1966, ta kuma sami digirin digirgir a 1968 a fannin halayyar ɗan'adam. A lura, digirgir ɗin ba a jinya ta yi shi ba. A wancan zamani jami'o'in da ke ba da irin wannan digiri a jinya ba su taka kara sun karya ba, don haka nas mai son bincike sai ta je ta aro kayan aiki daga wani fanni. Wannan tilas ya zame mata alheri, domin ta dawo jinya da idon mai nazarin al'umma. A 1971 ta koma reshen jami'ar da ke San Faransisko, ta zauna a can fiye da shekara talatin.

Sai an san halin da binciken lafiya yake ciki a lokacin kafin a gane muhimmancin abin da ta sa a gaba. A 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa cire matan da za su iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin sababbin magunguna. Niyyar ita ce kare 'yan tayi, bayan abin da maganin nan talidomaid ya jawo na haihuwar jarirai da nakasa. Amma sakamakon shi ne an yi ta gwada magani a jikin maza, mafi yawansu fararen fata, sannan a ba kowa. Sanannen binciken da aka yi a shekarun 1980 kan ko asfirin na rage bugun zuciya ya ƙunshi likitoci 22,071, kuma dukkansu maza ne. Abin ya yi kama da telan da ya auna mutum ɗaya ya ɗinka wa gari duka riga da awonsa: wanda ta yi wa daidai ya gode, wanda ta matse kuma a ce jikinsa ne ke da matsala. Sai a 1993 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta wajabta sanya mata da 'yan tsiraru cikin binciken da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa ke ɗaukar nauyinsa. A wannan shekarar ce kuma sashen binciken jinya na waɗannan cibiyoyi, wanda aka buɗe a 1986, ya zama cikakkiyar cibiya mai kasafin kuɗinta. Meleis da takwarorinta sun fara aikinsu tun kafin wannan ƙofa ta buɗe.

Ta fara da mutanenta. A 1981 ta wallafa maƙala a wata babbar mujallar ma'aikatan jinya ta Amurka kan yadda Balarabe ke ji idan ya shiga asibitin ƙasar, daga baya kuma ta ci gaba da wannan aiki tare da abokiyar aikinta Juliene Lipson. Abubuwan da suka bayyana ba za su ba Bahaushe mamaki ba. Majinyaci ba ya son a dira a kansa da tambayoyin sirri kafin a gaisa a saba. Dangi sukan cika ɗaki, kuma sukan so a sanar da su mummunan labari kafin a sanar da mai ciwon. Mace tana jin nauyin namiji ya duba ta. Ma'aikacin asibitin da bai san wannan ba sai ya rubuta a fayil cewa majinyaciyar ba ta ba da haɗin kai, kuma wannan rubutu yana bin ta duk inda ta je.

Akwai wata matsala da ta fi wannan ɓuya, wato ta ƙidaya. Mai bincike da alƙaluma yake aiki, alƙaluma kuma suna fitowa ne daga akwatunan da ake cikewa a takardun asibiti da na ƙidayar jama'a. Shekaru da dama ƙa'idar gwamnatin Amurka ta sa Larabawa da sauran mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka cikin akwatin farar fata. Sai a watan Maris na 2024 aka amince da ba su akwatinsu. Ma'ana, wanda ya so ya san yawan matan Larabawa masu ciwon suga ko sankarar mama ba shi da inda zai duba, domin sun narke cikin adadin wasu. Haka ma Bahaushiyar da ta tashi daga Kumasi ko Damagaram ta sauka a unguwar Bronx ta birnin New York: a takarda ita baƙar fata ce kurum, daidai da wadda kakannin kakanninta aka kai ƙasar cikin bauta, duk da cewa abincinsu da harshensu da tarihinsu sun sha bamban. Wanda ba a ƙirga ba, ba a ware masa kuɗi. Don haka babban ɓangare na aikin irin waɗannan farfesoshi shi ne fita da ƙafa su nemo matan da takarda ta ɓoye.

Nemowar nan ita ce wahalar, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Bayan mai bincike ta tsara tambayarta, ba ta da ikon yi wa kowa magana sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince. Kwamitin zai duba ko akwai cutarwa, ko an yi wa mahalarta bayani da harshen da suke ji, ko za su iya janyewa ba tare da an hana su magani ba, da kuma yadda za a ɓoye sunayensu. Waɗannan ƙa'idoji da jini aka saye su. Tsakanin 1845 da 1849, a garin Montgomery na jihar Alabama, wani likita mai suna J. Marion Sims ya yi ta gwada tiyatar yoyon fitsari a jikin bayi mata ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunayen uku kawai tarihi ya riƙe: Anarcha da Betsey da Lucy. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau talatin. Mu da muka san abin da yoyon fitsari ke yi wa mace, muka kuma san matan da ke jiran aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, ya kamata mu san cewa tiyatar da ke share musu hawaye a jikin waɗancan bayin Allah aka inganta ta, ba da yardarsu ba. Sai a 2018 aka sauke gunkin Sims daga inda yake tsaye a New York. Sannan ga abin da ya faru a Tuskegee daga 1932 zuwa 1972, inda hukumar lafiya ta gwamnati ta zura wa ɗaruruwan baƙaƙen fata maza masu ciwon tunjere ido ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan da aka samu fenisilin.

Al'ummar da ke da irin wannan tarihi, idan baƙuwa ta zo da takarda da biro ta ce bincike take yi, ba za a tarbe ta da shimfiɗa ba, kuma suna da gaskiya. Ita kuwa 'yar ƙaura tana da nata tsoron: kar bayanin ya kai ga jami'an shige da fice, kar mijinta ya ji, kar 'yan garinsu su sani. Shi ya sa mai bincike kan shafe watanni tana zuwa masallaci da coci da shagon kitso da taron suna kafin ta yi tambaya ko ɗaya. Takan nemi wata mace da unguwa ta yarda da ita ta shige mata gaba. Takan ɗauki ma'aikata daga cikin al'ummar. Ko zaɓen tafinta sai an yi hattara, domin macen da za ta faɗi matsalar al'adarta ga baƙuwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ko maƙwabcinta ba. A nan kasancewar mai binciken nas yana da amfani ƙwarai. Ta saba zama kusa da mai jin kunya da mai jin zafi, ta san lokacin yin shiru, kuma mata sun saba buɗe wa nas cikinsu.

Idan an samu yarda sai a zauna hira, wani lokaci awa ɗaya ko biyu da kowace mace, a naɗi murya, a rubuta kalma bayan kalma, a fassara, a sa wani ya sake duba fassarar. Daga nan sai a yi ta karantawa ana neman abin da ke maimaituwa a bakin mata daban-daban. Wasu masana kan raina irin wannan bincike, su ce labari ne kawai ba lissafi. A ganina sun yi kuskure, domin ba za ka iya ƙirga abin da ba ka san da shi ba.

Misali mai kyau shi ne aikin ɗalibar Meleis, Eun-Ok Im, 'yar asalin Koriya ta Kudu wadda ita ma ta zama babbar farfesa. A ƙarshen shekarun 1990 ta yi nazarin matan Koriya masu ƙaramin ƙarfi da suka yi ƙaura zuwa Amurka, a daidai shekarun ɗaukewar al'ada. Littattafan likitanci na lokacin sun ɗauka duk macen da ta kai wannan mataki za ta zo asibiti da ƙorafin zafin jiki da gumin dare. Waɗannan matan ba sa zuwa. Mai duba rajistar asibiti kawai zai ce lafiyarsu ƙalau. Da aka zauna da su sai aka ga suna da alamomin, amma sun ture su gefe, saboda dogon aiki da hidimar gida da fafutukar zama a baƙuwar ƙasa sun cinye lokacinsu, ga kuma tarbiyyar da ta koya musu cewa mace ba ta yawan maganar jikinta. Rashin zuwansu asibiti alama ce ta nauyin da ke kansu.

Daga irin waɗannan nazarce-nazarce Meleis ta gina ra'ayin da aka fi saninta da shi. Ta lura cewa mutum ya fi shiga haɗari a lokacin da yake tsallakawa daga wani hali zuwa wani: daga budurci zuwa uwa, daga lafiya zuwa ciwo mai daɗewa, daga gadon asibiti zuwa gida, daga ƙasarsa zuwa ƙasar wasu. A wata maƙala da ta fito a 2000, ita da ɗalibanta huɗu sun haɗa sakamakon bincike a kan baƙaƙen fata masu haihuwar fari, da matan Koriyan nan, da matan Burazil 'yan ƙaura, da iyayen yara masu ciwon zuciya, da masu jinyar danginsu a gida, suka fitar da abin da ke sauƙaƙa irin wannan sauyi da abin da ke tsananta shi. Muhimmin abin da suka nuna shi ne sauye-sauyen kan zo wa matan 'yan tsiraru a tare. Mace ɗaya ta bar ƙasarta, ta rasa uwa da inna da za su yi mata wankan jego, ta fara aikin da ba ta saba ba, ga jariri a hannu. Nas ɗin da ta fahimci haka ba za ta miƙa mata takardar sallama kawai ba. Za ta tambaya wa ke gida, wa zai dafa, wa zai karanta mata rubutun da ke jikin kwalbar magani, kuma ta san alamomin da idan ta gani dole ta dawo cikin dare.

Sauraro shi ne rabin farko. Rabi na biyu shi ne gwada mafita, kuma a nan lissafi ke shigowa. Farfesa Loretta Sweet Jemmott, baƙar fata 'yar Filadelfiya, ta tsara wata gajeriyar ganawa ta minti 20 tsakanin nas da mace, inda ake koya wa macen a aikace yadda za ta kare kanta daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, har da yadda za ta yi wa abokin zamanta maganar. An gwada tsarin a kan baƙaƙen fata mata 564 a wani asibitin mata da ke Newark. An raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, don kada mai bincike ta zaɓi waɗanda take ganin za su ba ta sakamako mai daɗi. Wasu aka koya musu a aikace, wasu aka ba su bayani kawai, wasu aka yi musu darasin kiwon lafiya na gama-gari don a samu abin kwatance. Bayan shekara guda aka sake gwada su, sai aka tarar waɗanda aka koya wa a aikace sun fi rukunin kwatancen kuɓuta daga cututtukan. An wallafa sakamakon a 2007, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta sa tsarin cikin waɗanda ta amince da ingancinsu. Minti ashirin ne a wurin majinyaciya, amma shekaru ne na aiki a wurin mai bincike.

Har yanzu giɓin yana nan. Alƙaluman hukuma na 2021 sun nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Amurka, baƙaƙen fata mata kusan 70 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, fararen fata kuwa kusan 27. Da sauƙi mutum ya ce ai jini ne, halitta ce. Amma a 1997 likitoci biyu, Richard David da James Collins, sun duba takardun haihuwa na jihar Illinois, suka gano cewa nauyin jariran matan da aka haifa a Afirka ya fi kusa da na jariran fararen fata, fiye da na baƙaƙen fatan da aka haifa a Amurka. Da halitta ce, da 'yan Afirka sun fi kowa shan wahalar. Ke nan akwai wani abu a cikin zaman ƙasar kansa da ke cin jikin mace baƙa a hankali. Kuɗi da suna ma ba sa tsare ta gaba ɗaya. Shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams ta ba da labarin yadda, bayan ta haihu a 2017, ta ji numfashinta na sarƙewa, ta gaya wa ma'aikata tana zargin gudan jini ne a huhu domin ta taɓa yin ciwon, amma sai da ta nace kafin a yi mata hoton da ya tabbatar da maganarta.

Ta fuskar aiki kuwa, hanyar zuwa kujerar farfesa doguwa ce. Digirin farko na shekara huɗu, jarrabawar lasisi, wasu shekaru a ɗakin marasa lafiya, sannan digirgir. Wadda ta samu gurbin koyarwa a jami'a tana da kimanin shekara shida ta nuna kanta kafin a tabbatar mata da kujera, kuma abin da ake dubawa shi ne maƙalun da ta wallafa da tallafin binciken da ta jawo. Takardar neman tallafi kan ci watanni ana rubuta ta, wasu masana su tace ta su ba ta maki, kuma mafi yawan masu nema ba sa samu a karon farko. Wannan ma'auni yana cutar da mai binciken 'yan tsiraru, domin watannin da ta kashe tana neman yardar unguwa ba sa fitowa a jerin maƙalu. Ga koyarwa, ga duba ɗalibai, ga zaman kwamitoci da ake yawan jibga wa malamai 'yan tsiraru don a ce an wakilce su. Kuɗin ma yana bin iskar siyasa: a 2025 gwamnatin Amurka ta soke ɗaruruwan tallafin bincike, da yawansu a kan bambancin lafiya tsakanin jinsuna da launin fata.

Meleis ta haye duk waɗannan matakai. Littafinta kan ginshiƙan ilimin jinya, wanda ya fara fitowa a 1985, an sake buga shi sau da dama, ana kuma karanta shi a ƙasashe da yawa. Daga 2002 zuwa 2014 ta shugabanci tsangayar jinya ta Jami'ar Fensilbaniya. A 2015 ita da Ana Langer ta Jami'ar Harvard suka jagoranci kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan mata da lafiya, wanda ya ƙiyasta cewa hidimar da mata ke yi wa kiwon lafiya a duniya ta kai kimanin dala tiriliyan 3 a shekara, kuma kusan rabinta ba a biyan ko sisi. Wannan batu ta daɗe tana bin sa, tun nazarin da ta yi a kan masu aikatau a birnin Kali na Kwalambiya da ma'aikata mata a Masar da Burazil. A ganina, duk da haka, babban gadonta ɗalibanta ne, matan da suka zo daga ƙasashe daban-daban suka koyi sana'ar a hannunta, kowace ta koma ta buɗe ƙofar wata al'umma da ba a taɓa tambaya ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa mutuwar mata 70 cikin 100,000 ai abin nema ne a wurinmu, tunda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya sa Najeriya sama da 1,000. Gaskiya ne. Amma su sun san adadinsu har da rabe-rabensa, sun san wace mace ce ta fi shiga haɗari, saboda wasu sun zauna sun ƙirga sun kuma saurara. Mu ma muna da matan da takarda ba ta gani: matan rugage, da na sansanonin gudun hijira, da 'yan aikatau, da waɗanda ke haihuwa a ɗaka ba su taɓa yankar katin awo ba. Muna da sassan koyar da jinya a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, muna kuma da nas-nas da ungozomomi da suka shekara ashirin suna ganin abin da ba a rubuta ba. Ina kira ga shugabannin waɗannan jami'o'i da ma'aikatun lafiya na jihohi da su ware wa malaman jinya kuɗin bincike da sunansu, su rage musu nauyin aji, su kuma ba nas ɗin da ke son yin digirgir hutun karatu da albashinta.